Ƙananan Halittun Baƙar Laka Masu Karya Dafin Dagwalon Masana'antu

Duk wanda ya taɓa yashe kwata, ko ya taka gindin kududdufi da rani, ya san baƙar lakar nan mai warin baragurbi. Mutane kan toshe hanci su wuce. To, amma masana kimiyya sun daɗe suna ɗibar irin wannan laka suna kai ta ɗakin bincike. Dalili kuwa shi ne, a cikinta akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke iya karya wani mugun dafi da kan shiga ruwan sha daga masana'antu. Akan tara su cikin tanki, a ba su abinci, sannan a bi da gurɓataccen ruwa ta cikinsu. Aikin yana yiwuwa, amma yana da sharuɗɗa, kuma idan aka saɓa sharuɗɗan sai a yi gudun gara a faɗa zago.

Wane dafi ne wannan?

Sunan dafin kulorofinol. Sunaye biyu ne aka haɗa, watau kulorin da finol. Kulorin shi ne sinadarin da ake sa wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta. Finol kuwa, shi da danginsa su ne ke ba da warin nan na asibiti, irin wanda ake ji daga Izal. Kowannensu yana da amfaninsa. Amma idan kulorin ya manne a jikin finol, sai a sami wani abu dabam mai taurin kai, wanda ba ya ruɓewa da wuri.

A ɗauka ƙwayar finol kamar zobe ce mai gurbi 6. Gurbi ɗaya na alamar finol ɗin ne. Sauran 5 kulorin na iya zama a cikinsu, ko ɗaya, ko biyu, ko duka. Ta haka aka sami kulorofinol iri 19. Galibi yawan kulorin, yawan dafi. Babbansu shi ne wanda kulorin ya cike duk gurabun 5, ana kiransa fentakulorofinol, a taƙaice PCP.

Tun cikin shekarun 1930 aka fara sayar da PCP don tsare katako daga gara da fumfuna. An jiƙa falwayar wutar lantarki da shi, da katakon layin dogo, da na shinge. Majema sun sa wa fata don kada ta ruɓe a hanya. An fesa shi a gonakin shinkafa don kashe ciyawa. A ƙasar Sin an zuba shi da yawa a bakin tafkuna don kashe dodon koɗin da ke yaɗa ciwon tsargiya. Yana da araha, kuma yana aiki. Shi ya sa ya bazu ko'ina kafin a farga.

Yana shiga jikin mutum ta baki, ta numfashi, har ma ta fata. Idan ya yi yawa a jiki, abincin da mutum ya ci sai ya riƙa ƙonewa a banza, yana ba da zafi ba tare da ƙarfi ba. Sai zazzaɓi mai tsanani, da gumi, da haki, da rama. A 1967, a wani gidan renon jarirai a birnin St. Louis na Amurka, an wanke kayan shimfiɗa da wani magani mai PCP a ciki. Jarirai da dama suka kamu da irin wannan zazzaɓi, biyu suka rasu. Ba su sha ba, ta fata ya shige su. A 2016 kuma hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa PCP cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada PCP ya wuce miligiram 0.009 a cikin lita ɗaya ta ruwan sha. Wannan lissafi yana da wuyar kamawa, amma ga shi a sauƙaƙe: giram ɗaya tak, abin da bai cika ƙaramin cokali ba, ya isa ya kai ruwan duro fiye da 500 wannan iyaka.

Abin da ya sami garin Karkola

Karkola ƙaramin gari ne a kudancin ƙasar Finland, can arewacin Turai. Akwai masana'antar tsaga katako a garin, wadda ta yi shekaru tana tsoma katako cikin maganin kulorofinol don kada ya yi baƙi. Maganin ya yi ta tsiyaya yana nutsewa cikin ƙasa. Sai a 1987 aka gano ya kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa da mutanen garin, wajen su 3,500, suke sha. Aka rufe wurin ɗibar ruwan. Da likitoci suka duba littattafan asibiti, sai suka ga wasu nau'o'in ciwon daji sun fi yawa a garin fiye da yadda aka saba gani a makwabtansa.

Ƙasashe sun ɗauki mataki ɗaya bayan ɗaya. Amurka ta taƙaita sayar da PCP a 1984. Jamus ta haramta shi a 1989, har ta hana shigo da takalma da jakunkunan fata masu ɗauke da shi, don haka dole masu kai fata Turai suka koma ga wasu magungunan. A 2015 aka sa shi cikin yarjejeniyar Stockholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kawar da guba masu daɗewa. Nijeriya da Nijar duk suna cikin wannan yarjejeniya. Sai dai doka tana hana sabo ne kawai. Wanda ya riga ya shiga ƙasa da ruwa yana nan, kuma dangin PCP ba su ƙare ba. Masana'antar takarda mai wanke ɓawon itace da kulorin tana fitar da su. Ko maganin ciyawan nan 2,4-D da manoman shinkafa da masara ke fesawa, idan ya fara ruɓewa a ƙasa, abu na farko da yake komawa kulorofinol ne mai kulorin 2.

Halittu masu numfashi da salfet

Ba kowace ƙwayar bakteriya ce mai cuta ba. Su ne ke mai da madara kindirmo, su ne ke nuna daddawa. Ƙanana ne ƙwarai. Ɗaruruwansu a jere ba su kai kaurin ƙwayar gero ba.

Mutum da dabba suna numfashi da iskar oksijin. Amma can cikin laka babu wannan iska. Halittun da ke zaune a can sai suka sami wata hanya. Wasunsu suna numfashi da wani gishiri da ake kira salfet. Salfet ba baƙo ba ne. Yana cikin alif da ake sa wa ruwa ya kwanta, yana cikin takin zamanin da manoma ke kira salfa, yana da yawa a ruwan teku. Idan waɗannan halittu suka yi amfani da shi, sai su fitar da iska mai warin baragurbi. Wannan iska idan ta haɗu da ƙarfen da ke cikin ƙasa, sai laka ta yi baƙi. Wani masani ɗan ƙasar Holand mai suna Martinus Beijerinck ne ya fara ware irin wannan halitta a 1895, daga lakar magudanan ruwan birnin Delft.

An yi shekaru ana kallon su a matsayin maɓarnata kawai, domin suna cinye bututun ƙarfe, suna lalata rijiyoyin man fetur. Sai a 1984, a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, James Tiedje da ɗalibinsa Daniel Shelton suka ware wata ƙwaya daga lakar dagwalon gari. Ƙwayar tana cikin masu numfashi da salfet, amma tana da wata baiwa. Tana iya cire kulorin daga jikin zoben, ta sa haidirojin a gurbinsa. An raɗa mata suna Desulfomonile tiedjei, suna mai nauyi a harshe, don girmama malamin. Daga baya aka gane cewa ba taimako take yi wa kowa ba. Tana samun ƙarfi ne daga cire kulorin ɗin, kamar yadda mutum ke samu daga numfashi. Kulorin ɗin da aka cire kuwa yakan fita a irin siffar da yake da ita cikin gishirin miya, ba ya cutar da kowa.

A 1986 masana a Jamus suka ware wata ƙwayar mai numfashi da salfet wadda ke cinye finol ɗin kansa. A 1990 kuma wasu masana biyu, Max Häggblom da Lily Young, suka ɗebo laka daga bakin kogi a birnin Niyok, suka rufe ta a kwalabe ba iska, suka zuba kulorofinol mai kulorin ɗaya da mai biyu. Aka yi watanni kafin dafin ya ɓace. Da suka sake zubawa, sai ya ɓace da sauri, domin halittun sun saba. Don su tabbatar ko su wane ne ke aikin, sai suka sa wani sinadari mai suna molibdet, wanda ke tsayar da masu numfashi da salfet. Nan take aikin ya tsaya.

A gaskiya ba ƙwaya ɗaya ce ke gama aikin ba. Gayya ce. Wata ta cire kulorin daga wannan gurbi, wata daga wancan. Akwai wani dangi da ake kira Desulfitobacterium, da aka samo a Denmak da Amurka da Kanada cikin shekarun 1990, waɗanda suka fi kowa iya tuɓe PCP. Idan zoben ya zama tsirara, sai wasu su fasa shi, ya koma iskar da tsirrai ke shaƙa.

Yadda tankin yake

Wanda ya san karofi ya riga ya san rabin labarin. A rijiyar rini, kamar waɗanda ke Ƙofar Mata a Kano, marini kan zuba ruwa da baba da toka, ya bar su kwanaki. Can ƙasa inda iska ba ta kaiwa, ƙananan halittu ne ke sarrafa baban har ya narke ya kama zane. Marini ya san idan rijiya ta mutu, ya san idan tana da rai, ko da bai taɓa ganin halittun ba. To, tankin tsabtace dagwalo haka yake, sai dai ya fi girma, kuma da na'urori ake auna shi.

Irin tankin da ya fi shahara, Gatze Lettinga na jami'ar Wageningen a Holand ne ya ƙirƙiro shi cikin shekarun 1970. An fara aiki da shi a masana'antar sukari. Tsayinsa kan kai mita 5 ko 6, a rufe yake ruf. Ana tura gurɓataccen ruwa ta ƙasa, ya riƙa hawa sama a hankali. A cikin tankin halittun kan dunƙule su zama 'yan ƙwayoyi baƙaƙe kamar gero ko dawa. Saboda nauyinsu ruwa ba ya tafiya da su. Ruwan ya ratsa ta tsakaninsu, su kama dafin su sarrafa. A sama akwai murfi mai tara iskar da ke fitowa, ruwan kuma ya malala ta gefe. A wani irin tankin kuwa akan cika shi da tsakuwa, ko yashi, ko gawayi na musamman, halittun su manne a jiki kamar gansakuka. Gawayin yana da wata fa'ida. Idan dafi ya zo da yawa lokaci ɗaya, yakan tsotse shi ya riƙe, ya riƙa saki kaɗan-kaɗan, don kada ya kashe halittun.

Sabon tanki sai an sa masa iri, kamar yadda mai nono ke zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara. Akan ɗebo laka daga tsohon tanki, ko daga wurin da dafin ya daɗe. Sannan a fara da dafi kaɗan, a riƙa ƙarawa mako bayan mako. Sai an ba su abinci kuma, domin kulorofinol numfashi ne gare su, ba tuwo ba. Akan ba su ragowar ruwan rake, ko sukari, ko sinadarin nan da ke sa nono tsami, wanda suka fi so. Sun fi kuzari idan ɗumin ruwan yana tsakanin digiri 30 da 37. A Turai sai an ɗumama tanki. A ƙasashe masu zafi rana ta ɗauke wannan nauyi.

A wani gwaji da aka yi a Michigan a 1993, irin waɗannan ƙwayoyin laka sun cire fiye da kashi 99 cikin 100 na PCP daga ruwan da ke ɗauke da miligiram 40 zuwa 60 a kowace lita. Sai dai wannan tanki ba shi da salfet da yawa. A nan ne gizo ke saƙa.

Rigima a kan akushi ɗaya

A cikin tanki akwai ƙungiya uku masu neman abinci ɗaya. Akwai masu fitar da iskar gas ta girki, akwai masu numfashi da salfet, akwai masu tuɓe kulorin. Idan salfet ya yi yawa, abinci kuma ya yi kaɗan, masu salfet kan rigayi kowa su side akushin. Masu tuɓe kulorin su kwana da yunwa, dafi ya wuce yadda ya shigo. An ga haka a 1986 a jihar Okalahoma ta Amurka, a ruwan ƙarƙashin wani juji. A ɓangaren da babu salfet, kulorin yana fita. A ɓangaren da salfet ya yi yawa, ba ya fita. Watau halittun da suka yi aikin a lakar Niyok, danginsu ne suka hana shi a Okalahoma. Saboda haka mai kula da tanki dole ya auna salfet, ya auna abinci, ya daidaita su kullum. Ba aikin a zuba a tafi ba ne.

Matsala ta biyu ita ce aikin da aka bari a rabi. Cire kulorin na farko da na biyu daga PCP yana da sauƙi a inda babu iska. Na ƙarshe shi ne mai wuya. Idan aka yi gaggawar sakin ruwan, PCP ya ɓace, amma 'ya'yansa masu kulorin 3 ko 2 ko 1 suna nan. Su ma dafi ne, kuma sun fi uban nasu narkewa a ruwa, don haka sun fi shi tafiya nesa. Dabarar da aka samo ita ce a yi tanki biyu. Na farko a rufe ba iska, na biyu ana busa masa iska. Halittun da ke son iska sun fi iya gamawa da masu kulorin kaɗan. A Karkola ma, tankin da aka kafa a 1995 mai iska ne, cike da yashi, yana aiki da ruwa mai sanyin digiri 7 ko 8. Duk da haka an shafe shekaru da dama ana fama da ruwan garin. Zubawa ba ta da wuya, kwashewa ce aiki.

Matsala ta uku ita ce iskar baragurbin kanta. Idan ta taru tana kashe halittun da ke cikin tanki, tana cin siminti da ƙarfe, tana kuma kashe mutum. Ta fi iskar shaƙa nauyi, don haka takan kwanta a gindin rami. Idan ta yi ƙarfi takan kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta tafi, alhali lokacin ne ta fi haɗari. Wannan bai tsaya ga masana'antu ba. Masu yasar masai da tsohuwar rijiya su ma suna gamuwa da ita. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma can yake faɗuwa. Kada a shiga irin wannan rami sai an buɗe shi ya sha iska sosai, an ɗaura wa mai shiga igiya, kuma akwai mutane a sama.

Amma wannan iska tana da nata alherin. Tana kama ƙarafa masu dafi da suka narke a ruwa, kamar darma da tagulla da tutiya, ta mai da su laka su kwanta. A 1992, a garin Budel na Holand, wata masana'antar tutiya ta kafa babban tanki na masu numfashi da salfet don wanke ruwan ƙarƙashin ƙasarta. Ragowar iskar kuma akan bi da ita ta wani tankin, ta koma farar wuta. Manyan tankunan masu salfet da ke aiki a duniya galibi irin wannan aiki suke yi. Karya kulorofinol da su kuwa, yawancinsa a ƙananan tankunan gwaji aka yi.

Inda abin ya shafi ƙasar nan

Ruwan majemar zamani yana da salfet da yawa, domin akwai shi a magungunan da ake jeme fata da su. Duk tankin da aka rufe aka zuba masa irin wannan ruwa, masu numfashi da salfet za su yi sarauta a ciki, ko an so ko ba a so ba. A birnin Kanpur na Indiya, inda majemu suke da yawa a bakin kogin Ganges, an kafa irin tankin Lettinga cikin shekarun 1990. Sai da aka riƙa surka kashi ɗaya na ruwan majema da kashi uku na ruwan kwatar gari kafin halittun su iya jurewa. A Kano, majemun zamani suna unguwannin masana'antu na Challawa da Sharaɗa da Bompai. An daɗe ana kuka da dagwalon da ke gangarawa kogin Challawa da na Jakara, inda masu lambu ke ban ruwa, makiyaya ke shayarwa. Darasin Kanpur da na Okalahoma ya shafi duk wanda zai gina wurin tace irin wannan ruwa. Gina tanki rabin aiki ne. Sai da mai auna shi, da wutar da za ta tura ruwa, da kuɗin abincin halittun kowane wata.

Mutumin karkara ba zai gina irin wannan tanki a gida ba, amma akwai abin da ke hannunsa. Tsohuwar falwaya da katakon layin dogo ba itacen girki ba ne. Ko PCP aka sa musu, ko baƙin man nan mai kama da kwalta, ko koren magani mai dafin arsenik, hayaƙinsu da tokarsu guba ne. PCP idan ya ƙone yakan haifar da dayoksin, wanda ya fi shi muni. Kada a sassaƙa irin wannan katako a yi kwami ko akurki ko murfin rijiya da shi. Duron da aka zuba maganin masana'anta a ciki bai dace da ajiye ruwan sha ko hatsi ba, ko da an wanke shi ya yi fes. Kwanon fesa maganin ciyawa kuma a wanke shi nesa da rijiya da rafi.

Idan ruwan rijiya ko na rafi ya fara warin magani irin na asibiti, ko kifaye suka fara mutuwa a ƙasa da wata masana'anta, a daina sha, a daina shayar da dabbobi. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire PCP. Alif yana kwantar da laka, ruwa ya yi garau, amma dafin da ya narke yana nan ciki. Ɗakin bincike ne kaɗai ke iya faɗin ko yana nan ko babu. Sai a sanar da mai unguwa da duba-gari na ƙaramar hukuma, su kai maganar ga ma'aikatar muhalli ta jiha, ko ga hukumar NESREA da gwamnatin tarayya ta kafa a 2007 don sa ido kan dagwalon masana'antu. A riƙe ranar da aka fara jin warin, da wurin, da launin ruwan, domin su ne abin da masu binciken za su fara tambaya.